Bindigar farauta mai sakata da na saya a hannu: a sauya bututu ko a bar ta?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna riƙe da bindigar farauta. Na sayi tsohuwar bindiga mai sakata (wato ƙarfen da ake ja baya a tura gaba don sa harsashi a kulle shi), ƙirar Mauser 98, wadda alamu suka nuna cewa ta soja ce tun asali kafin wani ya rage mata ƙota, ya lanƙwasa hannun sakatar, ya kuma ɗora mata madubin saiti. Takardunta da lasisinta sun cika bisa doka. A jikin bututun an buga 8x57, wato sunan girman harsashinta, kuma lambar da ke jikin sakatar ba ta yi daidai da wadda ke jikin uwar bindigar (ƙarfen da sakatar take shiga ciki) ba.

Abin da ya dame ni shi ne, idan na harba a tazarar mita 100, harbi biyu na farko suna faɗawa kusa da juna, amma daga na uku sai harsashi ya riƙa haurawa sama yana karkata dama, har tazarar ta kai wajen santimita 10. Da na haska cikin bututun na ga ya yi duhu, ko da yake tsagogin da suka murɗa a cikinsa suna nan ana ganinsu sarai. Wani ya ce mini bututun ya mutu, in sa sabo kawai. Shin haka ne, ko akwai abin da ya kamata in fara dubawa?

Maƙerin Bindiga ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, ina roƙonka kada ka sake harba ta sai an duba abubuwa biyu, domin maganar warwatsewar harbi ƙarama ce idan aka gwada ta da bambancin lambar da ka ambata a gurguje.

Sakatar Mauser 98 tana da kunnuwa biyu a gaba waɗanda suke kullewa a cikin uwar bindigar, da na uku a baya wanda aka yi don kariya idan na gaba suka gaza. A masana'anta ana daidaita kowace sakata da bindigarta, shi ya sa ake buga musu lamba ɗaya. Idan sakatar ta wata bindiga ce daban, mai yiwuwa tazarar da ke tsakanin fuskarta da inda kafaɗar harsashi take zama ta wuce ƙima. Idan ta wuce, kwanson harsashi yakan miƙe lokacin harbi, wani lokaci har ya tsinke ta gindi, iska mai tsananin zafi ta fito ta baya, wato wajen fuskar mai harbi. Ana auna wannan tazara da ma'aunai na ƙarfe masu siffar harsashi, ɗaya an rubuta masa GO, ɗaya NO-GO, akwai kuma na uku mai suna FIELD. Ana cire allurar bugu da ƙugiyar zaro kwanso, a sa ma'aunin, a rufe sakatar da yatsa a hankali ba da ƙarfi ba. Dole ta rufu a kan na farko. Idan ta rufu a kan na biyu akwai abin lura, idan kuwa ta rufu a kan na uku, a ajiye bindigar har sai an gyara. Kafin ka kai ta wurin mai ma'auni, ɗauko kwansunan da ka riga ka harba ka duba su: idan ƙyastun da ke gindi, wanda allurar take bugawa ya kunna albarushi, ya turo waje, ko ka ga wani zobe mai sheƙi ya kewaye kwanson kusa da gindinsa, to alama ce marar kyau.

Na biyu shi ne faɗin cikin bututun. Sunan 8x57 ya haɗa harsashi iri biyu. Na farko, wanda sojan Jamus ya fara amfani da shi a 1888, kaurin ƙwayarsa milimita 8.08 ne. Wanda ya maye gurbinsa a 1905, mai harafin S, kaurinsa milimita 8.20 ne, kuma shi ne aka fi samu yanzu da sunan 8x57 IS ko JS. Bindigogin soja na baya duk na mai kaurin ne, amma masu ƙera bindigar farauta a Jamus sun ci gaba da yin bututu mai ƙaramin faɗin shekaru da yawa bayan haka, kuma ba ka san ko bututun da ke jikin taka shi ne na asali ba. Tura ƙwaya mai kauri cikin matsattsen bututu yana ɗaga matsin albarushi zuwa inda ba a so. Ana gane gaskiyar ne ta hanyar tura ɗan curin darma mai laushi ta cikin bututun, a auna shi bayan ya fito.

Idan waɗannan biyun sun yi daidai, sai mu zo kan tambayarka. Yadda ka kwatanta abin, ban ga laifin cikin bututu ba. Bututun da ya ƙare yakan warwatsa harbi ko'ina tun daga na farko, wani lokaci ma ƙwayar ta bugi allo a kwance. Harbin da yake tafiya gefe ɗaya yayin da ƙarfe yake ɗaukar zafi yana nuna cewa katakon ƙota yana taɓa bututun a wani wuri, kuma tun da naka sama da dama yake tafiya, ina zaton ta ƙasa ta hagu ake danna shi. Zura takarda tsakanin bututu da katako, ka ja ta daga gaba zuwa baya, ka lura da inda ta maƙale, sannan ka sake gwadawa bayan bututun ya yi ɗumi. Ka kuma duba sukurori biyu da suke riƙe ƙarfen a jikin ƙota, da na mazaunin madubi, domin sakwarkwacewar ɗaya daga cikinsu kaɗai ta isa ta kawo irin wannan. Idan katakon da ke bayan ɗan tudun da yake tare jijjigar harbi ya tsage, ko ya sha mai har ya yi laushi, ana kankare shi a cike gurbin da gam mai ƙarfi irin na efoksi, ƙarfen ya samu mazauni tabbatacce. Sauya bututu shi ne mataki na ƙarshe.

Baba Ɗan Baushe ya amsa:

Duk abin da Malam Maƙeri ya faɗa game da tazarar sakata da faɗin bututu na yarda da shi, kuma kada ka yi sakaci da shi, ɗana. Amma a kan sauran ina da wani ra'ayi.

Wannan bindigar farauta ce, ba ta gasar harbi ba. A dawa harbin farko daga bututu mai sanyi shi ne yake yanke hukunci, na biyu kuma don cikawa ne idan hali ya yi, na uku kuwa da wuya a kai gare shi. Wurin da ake nufa a ƙirjin dabba matsakaiciya kamar barewa faɗinsa ya kusa santimita 20. Bindigar da take ajiye harbi biyu na farko kusa da juna a mita 100 ta riga ta yi abin da ake nema gare ta. Saboda haka gwajin da ya fi amfani gare ka shi ne ka harba sau ɗaya, ka bari ƙarfen ya huce gaba ɗaya, ka sake harbawa a allon nan ɗaya, ka maimaita haka a ranaku daban-daban, da safe da rana. Idan waɗannan harbe-harben suka taru wuri guda, bindigarka amintacciya ce, kuma hakkin dabba shi ne a kashe ta da harbi mai kyau, ba a bar ta da rauni ta shiga daji ba.

Ina kuma jan hankalinka kada ka yi gaggawar kankare katako don bututun ya zauna babu abin da yake taɓa shi. Wasu siraran bututu sun fi nutsuwa idan akwai ɗan matsi daga ƙasa a ƙarshen ƙota, kuma masu ƙera bindiga da dama sun yi hakan da gangan. Katakon da aka kankare ba ya komawa. Gara ka fara saka siririn kwali a ƙarƙashin uwar bindigar don bututun ya ɗago kaɗan, ka harba ka gani. Idan harbin ya gyaru, sai ka kankare da hujja.

Ummu Hafsa ta amsa:

Ina so in ƙara magana a kan duhun da ka gani. Tsofaffin harsasan soja da yawa an yi ƙyastunsu da sinadarin da yake barin gishiri a cikin bututu bayan harbi. Gishirin yana jawo danshi, tsatsa ta ci ƙarfen ta bar ƙananan ramuka, kuma mai ba ya narkar da shi, ruwa ne yake wanke shi, sannan a busar a shafa mai. Yawancin duhun tsofaffin Mauser daga nan ya samo asali, kuma da yawa daga cikinsu suna harbi lafiya duk da haka. Wani ɓangare na duhun ma dattin albarushi ne da jan ƙarfen da ƙwayoyi suka bari, wanda yake fita idan aka yi haƙuri da maganin wanki. Ka wanke ta baya, bayan ka zare sakatar, kada ka zura sandar wanki ta baki.

Bakin bututun ya cancanci ka duba shi da madubin ƙara girma. Nan ne wuri na ƙarshe da ƙwaya take taɓawa, kuma idan gefe ɗaya ya cinye ko ya lotsa, iskar da ke biye da ita takan fita ta gefen nan ta ture ta. Sake gyara bakin ƙaramin aiki ne ga maƙeri. Sannan ka gwada makullin kariya da bindigar babu harsashi a ciki: ka ɗana ta, ka sa makulli, ka ja kunama, ka saki, sannan ka cire makullin. Idan allurar ta faɗa da kanta, wani ya taɓa goge kunamar fiye da ƙima, kuma bindigar ba ta fita dawa sai an gyara.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba kwansunan, ƙyastun bai turo ba, ban kuma ga zoben ba. Takardar ta maƙale a gefen hagu kusa da ƙarshen ƙota, kamar yadda Malam Maƙeri ya yi zato, makullin kariya kuma ya riƙe. Tun da kwansunan lafiya suke, shin har yanzu wajibi ne a auna tazarar sakatar?

Maƙerin Bindiga ya amsa:

Wajibi ne, Malam. Sabon kwanso yakan jure miƙewa sau ɗaya ba tare da ya nuna komai a waje ba, kuma wasu harsasan 8x57 na kasuwa, musamman waɗanda ake yi a Amurka, da gangan aka rage musu ƙarfi saboda tsofaffin bindigogi, don haka suna iya ɓoye matsalar har ranar da ka sa mai cikakken ƙarfi. Idan ka kai ta, ka roƙi maƙerin ya leƙa inda kunnuwan sakatar suke zama, ya ga ko sun nutsa cikin ƙarfen, ya kuma duba ramukan da aka huda don mazaunin madubi, kada a ce wani ya huda har cikin wurin da kunne na sama yake jingina. Bayan haka sai ka bi shawarar Baba game da kwalin kafin ka taɓa katakon.