Ina aji uku a injiniyanci, me ya kamata in riƙe kafin in fita?

Sadiq_lantarki:
Salam 'yan uwa da yayyenmu injiniyoyi, don Allah shawara nake nema. Ina lebul 300 a injiniyan lantarki, saura min shekara biyu insha Allah in dai ba a sake tafiya yajin aiki irin na 2022 ba da muka yi wata takwas a gida. Abin da ke damuna shi ne ina ganin yayyenmu da suka gama, sun yi bautar ƙasa sun dawo, wasu har yanzu shiru ba aiki, kuma in ka zauna da su sai su ce maka abin da aka koya musu a aji daban abin da ake tambaya a intabiyu daban. CGPA na, wato matsakaicin makina gaba ɗaya, bai kai 3.5 ba amma ya kusa. To in zage in ɗaga shi ne ko in tafi koyon aikin hannu? Sannan SIWES namu, wato zuwa koyon aiki a masana'anta, na zuwa baɗi, ban ma san inda zan nema ba.

Injiniya_Bello:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ka yi tambayar a kan lokaci. Ni dai in ka tambaye ni babbar damar da jami'a za ta ba ka a shekara biyar ɗin nan ita ce wata shidan SIWES na aji huɗu, kuma ita ce ɗalibai suka fi wasa da ita, sai ka ga yaro ya nemi wani ofis kusa da gida inda ba a komai, yana zuwa sau ɗaya a sati, ƙarshen wata ya cike logbuk da abin da bai taɓa gani ba a buga masa hatimi, wallahi abin na min ciwo. Tun shekarun 1970 ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ta kawo tsarin nan, saboda masu masana'antu suna kukan cewa masu digiri na fitowa ba su san inji ba, to kaga matsalar da yayyenka ke faɗa ba sabuwa ba ce.

Ka fara nema tun yanzu, kar ka jira sai an raba takarda. Kai da kake lantarki ka gwada TCN, kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasa, ko kamfanin raba wuta na yankinku irin su KEDCO, ko tashoshin ruwa na Kainji da Shiroro da Jebba in kana da wanda za ka sauka wajensa a can, ko masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai in a Kano kake. In ka samu shiga, manne wa tekinishiyan za ka yi, su ne ke buɗe fanel, su ne ke gwada taransifoma, injiniya yawanci yana ofis da takardu. Ka ɗaukar musu akwatin kayan aiki, ka yi tambaya, kar ka nuna musu kai ɗan jami'a ne. Abin da tsohon tekinishiyan zai nuna maka a wata ɗaya ba ya cikin handawut ɗin kowa. Kuma daga nan ake samun matsalar da za ka yi furojet ɗin aji biyar a kanta, matsala ta gaske wadda za ka iya bayani da bakinka, ba wanda za ka saya a bakin get ba.

Maman_Hanif:
Duk abin da Injiniya ya faɗa haka ne, amma Sadiq don Allah kar ka saki CGPA ɗin nan. Ni sibil na karanta, kuma na ga yadda ake tace takardu, manyan kamfanoni in za su ɗauki sabbin masu digiri yawanci 2:1 suke rubutawa, wato digirin da ke farawa daga CGPA 3.5, wani lokaci har da iyakar shekaru, kwamfuta ce ma ke zubar da kai kafin wani ɗan adam ya ga me ka iya. Haka tallafin karatu na PTDF da sauran na ƙasashen waje, 2:1 ɗin dai ake fara dubawa. Kai kuma kana dab da 3.5, kwasa-kwasan aji huɗu da biyar suna da nauyi, SIWES kansa da furojet suna da yunit da yawa, in ka samu A a cikinsu za su ja ka sama. Wato ba zaɓi ba ne tsakanin biyun.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, ka bari malamai biyu ko uku su san ka da kyau, ka je ofishinsu da tambaya ta karatu, in suna wani bincike ka ce za ka taya su ko da ɗaukar awo ne a lab. Ranar da za ka nemi mastas wasiƙar shaida za a ce ka kawo, malamin da bai san fuskarka ba me zai rubuta?

Abba_sola:
Ni gajere ne nawa. Ka koyi manhajojin kwamfuta irin su AutoCAD da MATLAB, in da hali ka ɗora da ETAP da ɗan Python, duk akwai darussa kyauta a YouTube, data kawai za ka saya. Hutun ƙarshen sashon kuma ka bi masu haɗa sola, yanzu da wahalar wuta da tsadar fetur kowa inbata da batir yake nema, kuma da yawan masu haɗawar ba su iya lissafin lodi ba, kai da ka yi karatun in ka haɗa da hannu ka fi su. Da shi nake riƙe kaina tun ina makaranta.

Sadiq_lantarki:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Yaya Bello maganar COREN fa, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, tun yanzu ake fara ta ko sai an gama?

Injiniya_Bello:
Sai ka gama, kuma sai ka yi aƙalla shekara huɗu kana aikin injiniya kafin su yi maka rajista, sannan ne doka ta yarda ka sa Engr. gaban sunanka. Abin da za ka yi yanzu shi ne ka tabbatar kwas ɗinku yana da amincewar COREN da NUC, hukumar kula da jami'o'i, ka tambaya a sashenku za su faɗa maka. Ka shiga NUESA, ƙungiyar ɗaliban injiniyanci, da gaske ba biyan kuɗi kawai ba, in reshen ƙungiyar injiniyoyi ta NSE na garinku na taron lakca ka je, a nan za ka haɗu da waɗanda za su karɓe ka SIWES. Sannan ka sayi littafi daban ban da logbuk, duk aikin da ka sa hannu ka rubuta kwanan wata da wuri da abin da aka yi har da hoto, don rahoton gogewar aiki za su nema kuma za su yi maka tambayoyi a kansa. In ka tsayar da garin da za ka yi SIWES ɗin ka faɗa min a nan, sai mu ga wa muka sani a can.