Rinin kaba da zaren darduma: me ke hana launi zuba?

Rabi (Zango): Salamu alaikum iyayena. Jan karan dafi a kan zaren auduga yana zuba tun wankin farko. Ina gyaran yake?

Hajiya Mariama: Wa alaikumus salam ƴata. Laifin ba na karan dafi ba ne, zaren ne ba a shirya ba. Sabuwar auduga tana da maiƙo, sai an tafasa ta da sabulu da ƴar kanwa kamar awa 1, ruwan ya fito rawaya-rawaya. Daga nan a daka bagaruwa, a fidda ƙwayar, a dafa, a tace, zaren ya kwana ciki. Washegari a sa shi a ruwan alif mai ɗumi, garam 150 ga kilo 1 na busasshen zare. Sannan ne zai shiga tukunyar rini. Bagaruwa ke riƙe alif, alif ke riƙe launi.

Inna Zara: Haka ne Hajiya. Amma a yi hankali da kanwa cikin karan dafin kansa. Kaɗan ke fiddo ja, in ta yi yawa ya koma duhu kamar hanta. Ruwan tsamiya kuma yana mai da shi ruwan lemu. A kasuwa ki zaɓi karan dafin da in kin murza da jiƙaƙƙen yatsa zai bar miki shaida.

Rabi (Zango): Na gode Inna. To baƙi a kaba fa?

Inna Zara: Ki tsaga kabar tukuna, ki dafa da bagaruwa, ki binne ta cikin baƙin laka na bakin tafki kwana 2 zuwa 3. Ƙarfen da ke cikin lakar ne ke haɗuwa da bagaruwar.

Yaya Hadiza: Ni na fi yarda da laka a kan ruwan kashin maƙera, wato ragowar ƙarfen da ke fita a maƙera. Kashin maƙera ya fi sauri, amma in ya yi ƙarfi kabar takan yi gautsi, tana karyewa a hannu wajen saƙa.

Rinin baba kuwa, mai ba da shuɗi, ba ruwansa da alif. Shuni da tataccen ruwan toka a tukunyar ƙasa, a rufe, a motsa a hankali safe da yamma. Da zafi kwana 4 ko 5 ya isa, da hunturu yana iya wuce mako. Alamar ya nuna: kumfa mai shuɗi a sama, ruwan ƙasa kore-kore, ga wari. Zaren zai fito kore, iska ta mai da shi shuɗi kina kallo. Tsomi gajere sau 6 ya fi dogo guda, domin mai dogon tsomi shi ke goge wa mutum a tafin ƙafa.

Hajiya Mariama: Kuma in launin rawaya ake so, kada a sa gangamau a darduma, rana na cinye shi, sabulu na mai da shi ja. Saiwar rawaya ko ganyen marke sun fi daɗewa. In kore ake so, baba tukuna, rawaya a kai.

Yaya Hadiza: Mai aiki da gashin tumaki ta rage toka da kanwa sosai, suna cin gashin. Kada kuma a fidda shi daga ruwan zafi a jefa cikin na sanyi, cukuikuyewa zai yi.

Rabi (Zango): Allah ya saka da alheri. Shanyar a rana ko a inuwa?

Inna Zara: Inuwa ƴata, kuma ya sha iska kwana 2 kafin ki ɗauraye.