Shawarwarin da aka ba wani baƙo kafin ya je kallon sharo

Wani Bature da ke aikin noman rani a wani ƙauye kusa da Ringim ya ji cewa Fulanin yankin za su yi sharo bayan Babbar Sallah, sai ya nemi a faɗa masa yadda zai yi idan ya je. Dattawa suka tattauna maganar a ƙofar gidan dagaci bayan la'asar.

Duk sun yarda cewa kada ya je shi kaɗai, ya fara gaida arɗo, ya samu wanda zai tsaya kusa da shi. Inda aka daɗe ana magana shi ne abin da zai gani: saurayi tsirara daga ƙugu zuwa sama, hannu a ɗage, wani lokaci riƙe da madubi yana duban fuskarsa, abokin karawarsa na zuba masa tsumagiya har fata ta tsage, shi kuwa ko gezau, domin 'yan mata na kallo kuma raki abin kunya ne gare shi da danginsa. Saboda haka aka gargaɗi Baturen kada ya yi salati ko ya nuna tausayi a fili, balle ya shiga rabo, tunda wanda aka doka yana da ranar ramuwa.

A kan ɗaukar hoto ra'ayi ya rabu. Liman, wanda dama ba ya goyon bayan wasan, ya ce a bar waya a aljihu, kuma a ganina ya fi gaskiya. Wasu suka ce ya nemi izini tukuna, sannan ya tanadi 'yan canji na makaɗa.