Ayisin sa ido kan ƙarfin wuta: me kuka gani a aiki?

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum. Ina da allon ESP32 (ƙaramar kwamfuta mai WiFi) mai lura da tankin ruwa, da batir 18650 da ƙaramin sola. Idan batir ya zube da dare, da safe allon ya kan daskare sai an danna maɓallin sake kunnawa. Wanda ya yi aiki da ayisin sa ido (IC, ɗan guntun lantarki da ke hana allo tashi sai wuta ta isa) ya taimaka mana.

Mai gyaran inbata, Sabon Gari: Wa'alaikumus salam. Hawan wutar a hankali ne matsalar. Rana tana fitowa, wutar tana rarrafowa daga 2V zuwa 3V cikin mintuna, ESP32 ya fara tashi alhali ƙwaƙwalwar ajiyarsa ba ta samu isasshen ƙarfi ba, sai ya maƙale. Rezista da kafasita da ke kan ƙafar EN (ƙafar da ke kunna ESP32) ba sa maganin wannan, don jinkirinsu ɗan ƙanƙani ne. Ka sa ayisin MAX809T: ƙafa 1 zuwa GND (layin 0V), ƙafa 2 zuwa EN, ƙafa 3 zuwa 3.3V, da kafasita 100nF dab da ita. Tana riƙe EN a ƙasa har wutar ta haura 3.08V, sannan ta ƙara jira aƙalla milisakan 140.

Malama daga Kongo: Malam, akwai gyara. MAX809 tana tura layin sama da ƙarfinta. Allon da ke da maɓalli a kan EN, idan an danna an haɗa fitarta da GND kai tsaye, kuma loda firogiram ta USB ya kan ƙi. MAX803 ta fi dacewa, ita ƙasa kawai take ja, rezista 10k ta ɗaga layin. Sannan a duba harafin ƙarshe na lambar ayisin kafin a biya kuɗi, shi ke nuna iyakar wutar da take saki: L 4.63V ce, M 4.38V, T 3.08V, S 2.93V, R 2.63V. Wanda ya ɗora L a kan 3.3V, allonsa ba zai taɓa tashi ba.

Mai gyaran inbata, Sabon Gari: Haka ne, Malama, na karɓa.

Injiniya, Tudun Wada: Ɗan'uwa, wane regulato (mai sauke wutar batir zuwa 3.3V) ke kan allon? In AMS1117 ne, yana cin kusan 1.1V, batir mai 3.7V ba zai ba ka 3.3V ta cikinsa ba. AP2112K-3.3 ya fi.

Abin da na fi gani yana wahalar da mutane shi ne tashi da faɗuwa ba tsayawa. Batir mai rauni ya haura iyaka, ayisi ta saki EN, WiFi ya ja ɗaruruwan miliamfa, wuta ta nutse, ayisi ta sake kamawa, jan wutar ya ragu, batir ya farfaɗo, a koma farko. Tazarar da ke tsakanin kamawa da saki a waɗannan ƙananan ayisi kaɗan ce ƙwarai. Kafasita 470µF kusa da ESP32 na rage nutsewar, amma gyara na gaskiya a sa ido kan batirin kansa. Ayisin TPS3808G01 na yin haka, tana auna 0.405V a ƙafarta ta SENSE. Da rezista 750k daga batir zuwa SENSE da 100k daga SENSE zuwa GND, iyakar ta zama kusan 3.44V. Ƙafar CT mai saita jinkiri, a sake tana ba da milisakan 20, a ɗaure ta da VDD (ƙafar wutar ayisin) ta rezista kuwa milisakan 300. A cikin firogiram kuma kada a kunna WiFi sai an auna batir ya kai 3.6V.

Ɗan Gyallesu: Masu Arduino Uno su ma: ATmega328P, ƙwaƙwalwar allon, a 16MHz ba a amince masa da 2.7V ba, amma a nan aka saita mai sa ido kan wuta da ke cikinsa. A mayar da shi 4.3V, in ba haka ba bayanan da ke cikin EEPROM (ma'ajiyarsa ta dindindin) na iya lalacewa lokacin ɗauke wuta. Kuma ayisin kasuwa a gwada ta: a sauke wuta a hankali, mita na kan ƙafar fita, a ga inda take kamawa.

Ɗan Samaru: AMS1117 ne kuwa, Injiniya. Da canza shi zan fara, sai MAX803T. Allah ya saka da alheri.