Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba "ofset" na wilin mota?

Jama'a, akwai wata kalma da ta daɗe tana tsaya mini a rai a duk lokacin da na zauna yin bayani kan zaɓen wili da taya ga tsohuwar motar gudu, musamman wadda mai ita yake kai ta filin tsere a ranakun da ake buɗe filin ga masu son gwada motocinsu ba tare da gasa ba. Kalmar ita ce "offset", wadda makanikai suke furtawa ofset. Taya da rim da birki da noti da boris duk sun zauna daram a bakin Hausawa, kuma ban ga dalilin taɓa su ba. Ita kuwa ofset ba ta zauna ba, wanda ya ji ta a karon farko ba zai tsinci komai a cikinta ba, alhali kuskure a kanta yana iya yanka taya a tsakiyar kwana.

Ga abin da take nufi. A bayan kowane wili akwai fuskar da take mannuwa da jikin mota, wato inda notuna suke ɗaure shi. Idan aka raba faɗin wilin gida biyu daidai wa daida, za a sami layin tsakiyarsa. Ratar da ke tsakanin wannan layi da waccan fuska ita ce ofset, kuma da milimita ake auna ta. Yawanci akan buga ta a jikin wilin bayan haruffan ET, misali ET45, haruffan kuwa daga kalmar Jamusanci suka fito, wadda ƙarshenta ke nufin zurfi. Idan lambar ta yi girma, wilin yana shigewa can cikin ramin taya. Idan ta ragu, yana turowa waje zuwa bakin madigadi.

Kalmar da ta fara zo mini ita ce "tazara", amma na ajiye ta, domin a jikin wili kaɗai akwai tazarar ramukan notuna, akwai kuma tazarar da ke tsakanin waccan fuska da leɓen wilin na ciki, kowacce da ma'auninta daban. "Karkata" ma ba za ta yi ba, saboda muna bukatarta a wani wurin, wato kwanciyar da ake ba taya ta sama zuwa ciki domin ta dafe ƙasa sosai a kwana. Na daɗe a kan "gocewa", tunda fuskar ta goce ne daga tsakiya, kuma ta fi sauran kusa da ma'anar asali. Abin da ya hana ni ita shi ne, a kunnen Bahaushe gocewa aibi ne, abu ne da ya bar inda ya kamata ya kasance, alhali ofset da gangan maƙera suke sa shi.

Shawarata ita ce mu ce "zurfin zama". Dalilina shi ne sunan yana tafiya tare da lambar: zurfin zama 45 ya fi 35 shigewa ciki, kuma ko wanda bai taɓa riƙe sifana ba zai fahimci hakan daga jin farko. Sai dai lallai a riƙe kalmar "zama", kada a taƙaita a ce "zurfin wili". Wilin da ake gani da fuska mai zurfi daga waje, irin wanda masu tsofaffin motoci suke sha'awa, shi ne ma mai ƙaramar lamba, don haka taƙaitawar za ta juyar da ma'anar gaba ɗaya.

Bari mu gwada kalmar a kan mota ta gaske. Mazda MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989, ta zo da wili mai inci 14, faɗinsa inci 5.5, ramukan noti huɗu a kan da'ira mai milimita 100, zurfin zamansa 45, da taya mai lamba 185/60 R14. Masu kai ta fili sukan koma wili mai inci 15 da faɗin inci 7. A ce mutum ya sami irin wannan mai zurfin zama 35. Ƙarin faɗin inci ɗaya da rabi ya kai milimita 38, wato 19 a kowane gefe, sannan ragin zurfin zama ya tura wilin waje da milimita 10. Ke nan leɓen waje ya matso madigadi da milimita 29, na ciki kuwa ya matsa wajen shokazoba da milimita 9 kacal. Da taya 195/50 R15 tsayin tayar bai canja ba sai da abin da bai kai milimita biyu ba, don haka agogon gudu da giya suna nan yadda suke.

Ban koyi wannan daga takarda ba. Na taɓa sayen wili huɗu don kyansu da rashin nauyinsu, na duba inci, na duba ramukan noti, amma ban kula da lambar da ke bayan ET ba. A kan titi ba su nuna komai ba. Da na shiga fili, a kwanar da motar ta fi kwantawa sai na ji wani ƙara a baya kamar ana goga roba da wuƙa, ƙaurin roba ya biyo baya. Da na fito na durƙusa, sai ga wani siririn layi ya zagaye kafaɗar tayar, ɓarɓashin roba kuma ya manne a leɓen madigadi. Yatsana yana shiga tsakaninsu idan motar tana tsaye, amma nauyin kwana ya cinye wannan 'yar ratar.

Illar ba a gogar madigadi ta tsaya ba. Wilin da ya turo waje da yawa yana ƙara wa boris wahala, yana kuma canja yadda sitiyari yake amsawa idan an taka birki da ƙarfi, ga shi boris ɗin motar da ta haura shekara talatin ya riga ya sha jiki. Idan aka haɗa da tayoyin nan masu ɗan zane kaɗan da roba mai danƙo, waɗanda suke kama ƙasa fiye da tayoyin zamanin da aka ƙera motar, nauyin da ke hawa kansa yana ƙaruwa. Shi ya sa nake ganin wanda yake farawa ya tsaya kusa da zurfin zaman da motar ta zo da shi, ya zuba kuɗinsa a kan taya mai kyau wadda ba ta tsufa ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a hatimin DOT, wanda ake bugawa a gefen taya, suna nuna lokacin da aka ƙera ta: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021.

Wuri ɗaya ne har yanzu nake neman ra'ayinku. Akwai wilin da lambarsa take ƙasa da sifili, misali ET-10, inda fuskar take bayan layin tsakiya. A nan na fi karkata ga cewa "zurfin zama 10 ƙasa da sifili", maimakon mu ƙirƙiro masa suna na biyu, domin ma'auni ɗaya ne. Masu aikin wili da taya, ina so in ji ko wannan zai yi sauƙin faɗa a bakin aiki.