Kyamarar mono ko mai kala? Ina neman shawara kafin hunturu

Abu_Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hoton taurari nake ɗauka. Ina gefen birnin Kano, fitilun sola sun haske layinmu, samanmu Bortle 7 ne a ma'aunin hasken gari (1 duhu sosai, 9 tsakiyar birni). Ina da teleskof mai bakin milimita 72, f/4.8, da mazauni HEQ5 mai juya teleskof yana bin taurari. Kuɗina na abu ɗaya ne: ko kyamarar ASI533MC mai kala da filta mai ƙofa biyu (mai barin layukan haske biyu, Ha da OIII, su wuce), ko ASI533MM mono (fari da baƙi) da filtar Ha (jan hasken haidurojin) kaɗai, sauran daga baya. Nebula (gajimaren gas a sararin samaniya) biyu, Rosette da Kan Doki, nake so a Disamba da Janairu, daga tsakar gida. Wanne zan ɗauka?

Sadiq_Zariya: Wa alaikumus salam. Ka sayi Seestar S50, ƙaramin teleskof mai kyamara a ciki, ka huta, filtarsa tana ciki, da waya ake sarrafa shi.

Injiniya_Gwarimpa: Sadiq, mutum ya ce yana da teleskof da mazauni. Malam Abu, ga yadda abin yake. Nebula irin waɗannan a siraran layuka suke ba da haske: Ha a nanomita 656, OIII a 501, SII a 672. Filta tana buɗe wa layin ƙofa ta rufe sauran, shi ya sa take aiki ko a ƙarƙashin LED, wanda haskensa ya bazu ko'ina. A kyamara mai kala, cikin kowane fiksel huɗu ɗaya ne ja, biyu kore, ɗaya shuɗi, don haka kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne ke karɓar Ha. Mono duka suke karɓa. Kan Doki kusan Ha ne zalla, filta ɗaya ta ishe ka hoton fari da baƙi mai kyau, ko da farin wata. Sensar 533 milimita 11.3 ce kowane gefe, a teleskof ɗinka za ta ga wajen digiri 1.9, Rosette zai shiga da sarari. Daƙiƙa 300 kowace ɗauka, gain 100, ka tara sa'o'i biyar zuwa sama.

Baban_Zahra: Ku bi a hankali da maganar filta. Wani dillali ya sayar min da saitin nanomita 3, ya rantse tana aiki da kowane gilashi. A kan lens 135 f/2 na ɗora, Ha ya fito a dusashe. Dalili: idan haske ya faɗa wa filta a karkace, ƙofar tana gocewa zuwa ɓangaren shuɗi, sai layin 656 ya koma bakin ƙofa. Ta OIII kuma duk tauraro mai haske sai ta yi masa zobe. Tauraron Alnitak yana nan kusa da Kan Doki, zobensa ya cinye kusurwar hoto. Na nemi ya karɓi kayansa, ya ce an buɗe kwali. Har yau bai ƙara ɗaga wayata ba.

Sadiq_Zariya: Allah ya mayar da alheri. Nawa ya karɓa?

Baban_Zahra: Bar tuna min. Kuma ba ni kaɗai ya yi wa ba.

Injiniya_Gwarimpa: Gocewar nan matsalar f/2 ce, akwai filtar da aka ƙera don irinsa. A f/4.8 ba abin damuwa. Zoben kuwa haske ne ke kai da komowa tsakanin filta da gilashin sensa, ingancin shafen filta ke rage shi.

Baban_Zahra: Haka dillalin ma ya ce, ba abin damuwa.

Hajiya_Leeds: Ƙanena, ɗauki mai kala. Filta mai ƙofa biyu ta L-eXtreme mai nanomita 7 wajen dala 300 ce, ka gama ke nan. Mono sai faifan filta, sai sake saita fokas duk sauyi, sai flat (hoton gyara tabon ƙura da duhun gefe) na kowace filta daban. Ka sanyaya sensar zuwa −10, ka haɗa hotunan a manhajar Siril kyauta, ka raba Ha da OIII a can.

Sadiq_Zariya: 300? Na ga ƙasa da 250.

Hajiya_Leeds: Ta inci 1.25 ka gani, ni ta inci 2 nake nufi.

Injiniya_Gwarimpa: Inci 1.25 ta ishi sensar 533, in an matso da ita kusa.

Dan_Sakkwato: Kafin ta iso hannunka, da kuɗin jirgi da na fito da canjin dala, ku manta da duka lissafin biyu. Sannan Hajiya, da girmamawa, −10 ɗin nan ta Ingila ce. Kyamarar digiri 35 take iya saukowa ƙasa da zafin waje. Daren Afrilu mai digiri 30, iyakarta −5, kuma tana aiki iya ƙarfinta tana shan batir. Mu sifili muke sawa, mu ɗauki dak (hoton gyara da ake ɗauka teleskof a rufe) a sifili, shi ke nan. A hunturu ne −10 ke yiwuwa.

Hajiya_Leeds: Ai Disamba ya ce. Kuma fiksel bai san ƙasar da yake ba.

Dan_Sakkwato: Amma ya san ƙura. Hazo yana watsa hasken gari, OIII ce ta fi shan wuya, rabin amfanin filta mai ƙofa biyu ya tafi. Ƙura tana sauka kan gilashi, flat ɗin jiya ba ya gyara hoton yau. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa, sama ta fi tsabta, sai dai Rosette sai bayan tsakar dare yake hawa sosai.

Sadiq_Zariya: A Sakkwato kyamara ba sanyi take nema ba, ceto take nema.

Baban_Zahra: Kuma wa ya tambayi Malam Abu ko yana ganin tauraron arewa, wanda ake saita mazauni da shi? A Kano digiri 12 yake, katanga ta rufe shi.

Abu_Hanifa: Da manhajar NINA nake saiti, hanyar maki uku, ba ta bukatarsa. Jama'a, kyamarar fa?

Dan_Sakkwato: Kyamara mai sauƙi ce. Ni fitilar maƙwabci ce ta hana ni sakat. Ya kafa ta a kan katanga tana kallon tsakar gidana har asuba. Filta tana tare hasken sama, amma wanda ya shigo bakin teleskof ta gefe yana barin baka a hoto.

Injiniya_Gwarimpa: Ka ƙara wa bakin tsawo da baƙin kwali, santimita 15, ka rataya tabarma a ɓangaren fitilar.

Dan_Sakkwato: Na rataya. Ya aiko yaro wai me nake ɓoyewa.

Baban_Zahra: Naka ma fitila ce. Janareton na kusa da ni a jikin katangarmu yake, layin PHD2, manhajar da ke gyara bin tauraro, rawa yake yi har sai man ya ƙare. Akwai wanda ya gwada roba a ƙarƙashin ƙafafun mazauni?