Gansakuka mai gashi ta rufe min duwatsun murjani, ina mafita?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum jama'a. Tankina na ruwan gishiri lita 200 ne, ya kai wata bakwai, akwai kifi biyar da 'yan murjani masu laushi. Yanzu wata koriyar gansakuka mai kamar gashi ta lulluɓe duwatsun, har ta fara hawa kan murjanin. A kan yashi kuma akwai wani jan abu mai yauƙi da ke tara kumfa da rana. Abin da ya ɗaure min kai, na auna naitiret da fosfet, sinadaran da gansakuka ke ci, duk sun nuna sifili. Awon gishirin ruwan 1.025, zafi digiri 27, fitila awa 12. Da ruwan burtsatse nake haɗa gishirin, abinci kuma sau uku a rana. To me take ci take wannan yaɗuwar?

Dattijon_Teku:
Wa alaikumus salam. Kada sifilin nan ya ruɗe ka, Malam. Fosfet ɗin yana nan, gansakukar ce take shanye shi tun kafin ya zauna a ruwa, ga wanda ya riga ya shige jikin dutse yana fitowa kaɗan-kaɗan. Ma'aunin ɗigo da ake gwada launi da ido ma ba ya ganin abin da ya yi ƙasa sosai, gara na dijital irin na kamfanin Hanna.

Babban mai laifi ruwanka ne. Ruwan burtsatse yana iya zuwa da naitiret da fosfet da silika, kuma duk ruwan da zafi ya ƙafar, ma'adanansa suna nan a tankin. Ka ƙara wani, su ƙara taruwa. Ka nemi matatar RO/DI, mai cire ma'adanai daga ruwa, da ma'aunin TDS, mai auna abin da ya narke a cikin ruwa. Ruwan da ya fito ya nuna 0. Da ya fara nuna 1 ko 2, ƙwayoyin DI da ke cikin matatar sun gaji, a canza su. Ruwan leda ba zai maye gurbinsa ba, auna shi ka gani.

Duk mako ka canza lita 20. Gishiri kamar gram 700 zuwa 750 zai shiga, amma ma'auni ne alƙali, ka tsaya a 1.025 ko 1.026. Lokacin da kake zuƙe tsohon ruwan, ka kama gashin da yatsu ka fizge, bakin tiyo yana kusa don ya tafi da shi. Idan ka goge da buroshi a cikin tankin ka bar guntayen suna yawo, shuka ka yi. Dutsen da ba murjani a kansa, fito da shi, ka ɗiga masa ruwan faroksaid mai kashi 3 cikin 100, ka bar shi minti biyu zuwa uku, ka ɗauraye a tsohon ruwan, ka mayar.

Abinci ya koma sau ɗaya ko biyu, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu. Mai ƙanƙara a narkar da shi, a zubar da ruwansa. Fitila awa 8 zuwa 9, a rage farin haske.

Injiniya_Famfo:
Dattijo ya gama magana kan ruwa. Ni jan abin zan taɓa. Wannan ba gansakuka ba ce, ƙwayoyin cuta ne da ake kira sayano, kuma inda ruwa ya kwanta datti ya taru suke zama. Tankin murjani masu laushi yana son famfo mai motsa ruwa aƙalla ninki 20 na girmansa a awa, wato lita 4,000 a naka. Ka karkata famfon yadda ruwan zai shafi saman yashi ba tare da ya tone shi ba. Idan ana yawan ɗauke wuta, famfon nan shi ya fi cancantar inbata, ba fitila ba. Auduga ko safar tace datti a canza ta duk kwana biyu ko uku, in ba haka ba ita kanta za ta zama masana'antar naitiret. Kofin sikima, wato na'urar da ke fitar da datti da kumfa, a wanke shi sau biyu a mako.

Zafin ma ka sauko da shi 25 ko 26. Ƙaramar fanka mai hura saman ruwa tana yi, sai dai ruwan zai riƙa ƙafewa da sauri. Ka cike da ruwan RO/DI zalla, ba gishiri.

Hajiyar_Murjani:
Ɗan'uwa, a yi hattara wajen yaƙin nan, kada garin gyaran gira a rasa ido. Da ka cire gashin, lambobin naitiret da fosfet za su hau, wannan daidai ne. Ka riƙe naitiret tsakanin 5 da 10 ppm (kashi cikin miliyan), fosfet 0.03 zuwa 0.1. Idan fosfet ya wuce haka ka sa GFO, ƙwayoyi masu shanye fosfet, amma rabin abin da aka rubuta a kwali, ka wanke shi har jan ƙurar ta fita. Wanda ya cika shi ya kai ruwan sifili na gaske, murjani zai koɗe, sannan dino ya shigo: wani yauƙi mai ruwan ƙasa, mai zare-zare da kumfa a kai, wanda ke kashe katantanwa. Wannan ya fi gashin wahalar kora nesa ba kusa ba.

Ka sa katantanwar Trochus kamar guda takwas, don ita tana iya juya kanta idan ta faɗi, da bushiyar teku ɗaya. Doguwar gansakuka ba sa cin ta, sai ka rage mata tsawo. Bushiyar kuma tana kwasar ƙananan murjani ta ɗora a baya, ka manne su da gam tukuna.

Sannan ka cire zare ɗaya ka duba a haske. Idan yana da rassa kamar gashin tsuntsu, Bryopsis ce, katantanwa ba za ta yi maka komai ba. Ita maganinta fluconazole, kusan miligram 5 a kowace lita ta ainihin ruwan da ke ciki, a cire gawayin tace ruwa, a cire kofin sikima na kwanakin farko, a bar shi kwana 14.

Sabon_Hannu:
Allah ya saka da alheri. Na duba, zaren miƙe yake, ba rassa. In kashe fitila kwana uku kamar yadda wasu ke cewa?

Dattijon_Teku:
Zai kwantar da sayanon, amma gashin ba zai mutu a kwana uku ba. Fara da matatar ruwan da fizga duk mako. Dutse zai ci gaba da sakin fosfet, don haka ka ba shi mako shida zuwa takwas kafin ka ƙara wani magani, kuma ka kawo mana sabon awo bayan canjin ruwa na biyu.